Jan Hannu

Ba lalle ba ne, ɗan nan, daina kallo,
zoɓo ne.
Zauna kan turmin can, buɗe takardarka,
tunda ka ce tambaya aka aiko ka.

Tun farkon kaka muke ɓara,
ni da Lantana da 'yarta Uwani,
a gindin ɗorawar Malam Barau,
muna raba jan kunne da ƙwallo,
ƙaiƙayi na cin mu har gwiwar hannu.

Ran Alhamis amalanke ta kai buhuna Maigatari.
Ilu mai sikeli ya rataya, ya ƙanƙance ido,
ya ce, Tabawa, kilo ya faɗi.
Na ce, wa ya ture shi?
Ya ce, can ne bayan teku,
wai an kwance buhun wani an ga ƙwaro,
sai aka ja ƙofa aka rufe da mu duka.
Na san wake ɗaya na ɓata gari,
ban san yana ɓata garuruwa ba.

Da dare rediyon Barau ta ce manya sun taru
a wani birni, sunansa ya ƙi zama a bakina,
ƙasashe masu tasowa da waɗanda suka riga suka tashi,
za a sassauta haraji, za a buɗe hanya,
za a tafi tare.
Masu tasowa!
Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Tun ina goyon Kamilu nake jin muna tasowa,
yau Kamilu na da furfura a gemu.
Ko ƙullin waina ne, ai da ya tashi ya zube.

Ba zan ci amanar gaskiya ba.
Bara waɗansu sun zo da farar mota,
suka ba mu tamfol, suka ce a daina shanya a ƙasa,
kuma yashi ya ragu, na gani da idona,
Ilu ma ya ƙara mana ɗan abin da ya ƙara.
Amma injin da suka ce zai zo ya busar, ya ƙulle a kwali,
allonsa kawai ya iso.
Ga shi can bakin hanya,
awaki na shan inuwarsa.

Jikana ya nuna min a waya,
ɗan kwali bai kai tafin hannu ba,
zoɓo ne a ciki, an ƙulla shi ƙulli-ƙulli kamar laya.
Ya juya kuɗin zuwa namu, ya yi shiru.
Na ce, faɗi mana.
Ya ce, Iya, ya fi wuninku ku uku.
Na ce, duba, ko an rubuta Gagarawa a jiki?
Babu.
Sai hoton wata tana murmushi cikin gona,
hannunta tas, ko ɗigon ja.

To rubuta wannan, kada ka gyara min magana.
A kasuwarmu in tayi bai kai ba
mai kaya ke cewa albarka,
ya ja buhunsa ya zauna a kai.
Wannan wace irin kasuwa ce,
mai saye ke tayi, shi ke sallamawa,
sikelin nasa, tekun nasa,
har sunan da za a kira kayan nasa?
Ba sadaka muka fito nema ba.
In sun sake zama kan dogon teburin nan,
a bar mana gefe ɗaya,
ko kujera babu, mu mun saba da tabarma,
mu dai a ba mu bakin cewa albarka.

Wanda ke kurɓa a can, ban san shi ba,
ban kuma ƙi shi ba,
Allah ya sa ya yi masa magani.
Ya dai san abin da ke kofinsa
da abin da ke hannuna launinsu ɗaya.

Ka gama?
To miƙo min kwandon nan kafin ka tashi,
inuwa ta fara gudu,
saura dami biyu.